Yaya za a rubuta bayanin insulin da ciwon sukari cikin Turanci mai sauƙi?

Maman Iman:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini a asibitin da nake aikin jinya. Muna shirin ranar ciwon sukari ta duniya, wadda ake yi a ranar 14 ga Nuwamba, kuma an ce in rubuta ɗan taƙaitaccen bayani da Turanci, wanda zai shiga takardar da za mu raba wa masu zuwa asibiti, ya nuna yadda matsalar insulin take jawo ciwon sukari. An zaɓi Turanci ne domin a nan Kaduna masu zuwa wurinmu harsunansu daban-daban ne, kuma yawancin masu iya karatu a cikinsu Turancin sakandare suke da shi. Zan kawo ma'anar abin da na rubuta da Hausa, domin ina ganin matsalar ta soma ne daga tsarin bayanin tun kafin a kai ga nahawu. Ga shi: "Ciwon sukari cuta ce da ke faruwa sakamakon ƙarancin insulin ko rashin ingancinsa, wanda ke haifar da hauhawar sukari a jini saboda gazawar sarrafa gulukos a jiki." Na ba wasu daga cikin masu jiran likita sun karanta, na tambaye su abin da suka fahimta, sai suka ce sun gane cewa sukari ya yi yawa, amma babu wanda ya iya faɗa mini abin da ya haɗa shi da insulin.

Malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam, Maman Iman. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, don haka gyaran ilimin zan bar wa likitocinmu, amma ina iya faɗin abin da ya sa jimlar ta ƙi shiga kan masu karatu. Ki duba kalmomin da ke ɗauke da ita: ƙaranci, rashin inganci, hauhawa, gazawa, sarrafawa. Dukkansu ayyuka ne da aka mayar da su sunaye, ta yadda a cikin jimlar gaba ɗaya babu wani abu da ake gani yana yin wani abu. Turancin littattafan kimiyya yana da wannan ɗabi'a sosai, yana kuma son jimlar da ake ɓoye mai yin aikin, a ce an samar, an sarrafa, an rage, ba tare da an faɗi wane ne ya yi ba. Wanda ya riga ya san batun yana cike gurbin da kansa, wanda bai sani ba kuwa sai ya tsaya.

Abu na biyu, kin fara da cutar, alhali cutar ita ce ƙarshen labarin. Mutum ba zai gane abin da ya lalace ba sai ya san yadda abin yake aiki lokacin da yake lafiya. Shawarata ita ce ki fara da lafiyayyen jiki, ki bi abincin daga baki har inda zai tsaya, kowace jimla da mai aiki ɗaya da aiki ɗaya, sannan a ƙarshe ki nuna wurin da tafiyar ta yanke.

Ɗan Auta:
Anti, ni ɗalibin likitanci ne, kuma ina goyon bayan Malam. Ga yadda zan jera shi. Idan mutum ya ci abinci, hanji yana narkar da sitacin da ke ciki ya koma wani nau'in sukari da ake kira gulukos. Gulukos yana shiga jini. Fankiriyas, wani sashen jiki da ke kwance a bayan tumbi, yana gane cewa gulukos ya ƙaru, sai ya saki insulin a cikin jini. Insulin kamar mabuɗi yake, yana buɗe ƙofar ƙwayoyin jiki domin gulukos ya shiga ya zama ƙarfi. Idan babu mabuɗin, gulukos zai taru a jini, kuma wannan shi ne ciwon sukari. Ina ganin misalin mabuɗin nan ya wadatar, domin babu wanda bai san mabuɗi da ƙofa ba, kuma kalmomin da ake buƙata a Turanci duk na 'yan firamare ne.

Baban Sadik:
Ɗan Auta, Allah ya yi maka albarka, jerin ya tafi daidai har zuwa jimla ta ƙarshe, kuma a can ne nake da magana biyu, a matsayina na wanda yake ganin waɗannan marasa lafiya a ɗakin duba marasa lafiya.

Ta farko, cewa "idan babu mabuɗin" ta bayyana nau'i na ɗaya ne kawai, inda garkuwar jiki take lalata ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin fankiriyas har ya zama kusan babu insulin ɗin. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari a duniya nau'i na biyu suke da shi, kuma su suna da insulin. A farkon cutar ma sau da yawa insulin ɗin da ke jininsu ya fi na mai lafiya yawa, domin tsoka da hanta da kitse sun daina amsa masa yadda ya kamata, shi kuwa fankiriyas sai ya riƙa ƙara yawan abin da yake fitarwa don ya cike giɓin. Yana iya ɗaukar shekaru a haka sukarin jini bai wuce iyaka ba. Sai lokacin da ya kasa fitar da abin da zai isa wannan ƙarin buƙata ne cutar take bayyana. Wannan bambanci ba sabon sani ba ne, tun a 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa akwai masu ciwon sukari da jikinsu ke amsa wa insulin da kuma waɗanda jikinsu ba ya amsawa sosai. Idan takardar Maman Iman ta ce rashin insulin ne kawai, to ta yi wa mafi yawan masu karanta ta bayanin cutar da ba tasu ba.

Ta biyu ita ce hanta, kuma ita ce ta fi damuna da misalin mabuɗi. Aikin insulin bai tsaya ga shigar da gulukos cikin tsoka da kitse ba. Hanta tana ajiye gulukos bayan an ci abinci, tana kuma sakinsa cikin jini tsakanin abinci da abinci da kuma cikin dare, har ma tana ƙera sabo daga wasu sinadarai idan ajiyar ta yi ƙasa. Insulin ne yake tsayar da ita idan abin ya isa. Idan insulin ya yi kaɗan ko hanta ba ta amsa masa ba, sai ta ci gaba da zuba gulukos a jinin da ya riga ya cika. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Likita, ban ci komai ba tun bayan isha'i, me ya sa da safe na auna na ga sukarina ya hau?" Misalin mabuɗi ba shi da amsar wannan tambaya, domin ya sa mutum ya ɗauka cewa duk sukarin da ke jininsa daga kwanon abincinsa ya fito kai tsaye. Na ga waɗanda wannan fahimta ta kai su ga ƙin cin abinci suna kuma shan magani, abin da yake iya faɗar da sukari ƙasa har mutum ya suma. Zan ƙara da cewa ƙwaƙwalwa, a mafi yawan aikinta, ba ta jiran insulin kafin ta ɗauki gulukos, don haka cewa yana buɗe dukkan ƙwayoyin jiki ma ba cikakkiyar gaskiya ba ce.

Malamin Turanci:
Likita, na karɓi maganar nau'i biyu da maganar hanta, domin ka nuna cewa barinsu yana iya sa mutum ya aikata abin da zai cuce shi. Amma batun ƙwaƙwalwa ina roƙon a bar shi a waje. Takarda ce da mutum zai karanta a tsaye yana jiran a kira lambarsa, kuma duk wata togaciya da aka ƙara tana cin wurin wani abu da ya fi ta amfani. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne, idan cire magana zai sa mai karatu ya yi kuskure a aikace, a bar ta, idan kuwa cire ta masani kaɗai zai ɓata wa rai, a cire. Hanyar kauce wa ƙarya a nan mai sauƙi ce: maimakon a ce dukkan ƙwayoyin jiki, sai a ce tsoka da kitse. An faɗi gaskiya, kuma ba a buɗe sabon babi ba.

Game da mabuɗi kuwa, ban ga dalilin jefar da shi gaba ɗaya ba, amma in za a sa shi, a sa shi sau ɗaya, a jimla ɗaya, kada a ci gaba da gina sauran bayanin a kansa.

Baban Sadik:
Na yarda, Malam. A ce tsoka da kitse, a bar ƙwaƙwalwa. Sharaɗina a kan mabuɗin shi ne jimlar hanta ta biyo bayansa nan take.

Hajiya Babba:
Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni na daɗe da wannan ciwo, nau'i na biyu, kuma ina so in yi magana a madadin waɗanda za a miƙa wa takardar. Duk abin da kuka faɗa yana faruwa ne a cikin jiki inda ba ma gani. Abin da muke gani shi ne yawan fitsari har cikin dare, da ƙishirwar da ruwa ba ya kashe ta, da rama alhali ana cin abinci, da kasala, wasu kuma sukan lura kiyashi yana taruwa inda suka yi fitsari. Idan bayanin ya tsaya a kan cewa sukari ya taru a jini, mai karatu zai ce to sai me? Ku haɗa masa abin da ke ciki da abin da yake ji a jikinsa, a nan ne zai gane cewa da shi ake.

Sannan, Maman Iman, ki yi hattara da kalmar sukari ita kanta. A layin asibiti ina zama da mata da yawa da suka daina sa sukari a shayi da koko, suna ganin sun gama kiyayewa, alhali suna cin tuwon shinkafa da burodi da teba yadda suka saba, domin a wurinsu abin da ba shi da zaƙi ba shi da sukari. Dole takardar ta ambaci waɗannan abinci da sunayensu, ta ce su ma gulukos suke komawa a cikin jiki. Ba ina cewa a hana mutane tuwo ba, wannan magana ce tsakanin mutum da likitansa, amma su san gaskiyar inda sukarin yake fitowa.

Baban Sadik:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, kin kawo rabin da muka bari. Bayaninsa kuma ba shi da wuya. Ƙoda tana tace jini, kuma a al'ada tana mayar da gulukos ɗin da ya biyo tacewar cikin jini, shi ya sa ba a samunsa a fitsarin mai lafiya. Amma tana da iyakar abin da za ta iya mayarwa. Idan sukarin jini ya haura kimanin 10 a ma'aunin milimol, wato wajen 180 a ma'aunin miligiram da yawancin na'urorin gida suke nunawa, sai ragowar ya zube cikin fitsari, kuma yana jan ruwa tare da shi. Daga nan yawan fitsari yake zuwa, ƙishirwa kuma ta biyo bayan ruwan da aka rasa. Rama kuwa tana zuwa ne domin abincin yana fita ta fitsari, jiki kuma ya koma yana ƙona kitsensa da tsokarsa. Ban ce a sa waɗannan lambobi a takardar ba, na kawo su ne domin mai rubutu ta san abin da take taƙaitawa.

Maman Walid:
Ina bin wannan tattaunawa tun farko, kuma ina da roƙo ɗaya. Ɗana yana da nau'i na ɗaya, tun yana ƙarami aka gano. Abin da ya fi yi mini ciwo bayan cutar ita kanta shi ne yadda mutane suke cewa alewa da lemon kwalba na sake masa har ya kamu. Idan takardar ta haɗa nau'in biyu a jimla guda, kamar yadda rubutun farko ya yi da kalmar "ko", wannan zargi zai ci gaba, domin mai karatu zai ɗauki duk abin da ya ji game da abinci da ƙiba ya ɗora a kan yaron. Ina so a raba su, kowanne da jimlolinsa, kuma a faɗa ƙarara cewa nau'i na ɗaya ba cin zaƙi ne yake kawo shi ba, kuma mai shi yana buƙatar allurar insulin kullum domin ya rayu. Jimlar ƙarshen nan ba ado ba ce. Akwai masu zuwa da saiwoyi da jiƙe-jiƙe suna cewa a ajiye allura a gwada nasu, kuma uwar da ba ta san cewa jikin ɗanta ba ya yin insulin ba tana iya yarda.

Ɗan Auta:
Gaskiya ne, Anti. Idan aka dakatar da allurar, jiki yana ƙona kitse da sauri har wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton su taru a jini, yaro ya fara amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, kuma cikin ɗan lokaci abin yana iya kai wa ga rasa rai. Kafin a samo insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada a 1921, yaran da suka kamu da wannan nau'i ba sa daɗewa. A watan Janairun 1922 ne aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa, kuma ranar 14 ga Nuwamban da Anti Maman Iman take shirye-shiryenta ranar haihuwar Frederick Banting ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Ina kuma ba da shawarar a rubuta cewa ƙiba da rashin motsa jiki ne suke jawo nau'i na biyu, domin mutane su san abin da za su guje wa.

Baban Sadik:
A nan ma a sassauta, Ɗan Auta. Ƙiba, musamman ta ciki, da zama ba motsi suna ƙara haɗarin kamuwa, wannan tabbas ne, haka ma gado da ƙaruwar shekaru. Amma ina ganin masu nau'i na biyu da ba su da ƙiba ko kaɗan, kamar yadda ake da masu ƙiba da ba su kamu ba. Idan aka rubuta cewa ƙiba ce take jawo shi, siririn mutumin da mahaifinsa da yayarsa suke da cutar zai ce shi ya tsira, ya ƙi zuwa gwaji. A rubuta cewa suna ƙara yiwuwar kamuwa.

Mai Kantin Magani:
Ni a kantin magani nake, kuma abin da zan ƙara ya shafi nau'i na biyu. Mutane da yawa suna ɗaukar ranar da likita ya ce su fara allurar insulin a matsayin ranar da aka yanke ƙauna a kansu, wasu kuma suna ganin horo ne saboda ba su kiyaye ba. Idan bayanin ya faɗa tun farko cewa a wannan nau'i ƙarfin fankiriyas yana raguwa a hankali cikin shekaru, mutum zai gane cewa komawa allura wani mataki ne na tafiyar cutar a wurin mutane da yawa. Ina kuma goyon bayan Likita a kan hanta, domin metformin, wanda shi ne maganin da aka fi fara ba masu wannan nau'i, babban aikinsa rage gulukos ɗin da hanta take saki ne. Wanda bai san rawar hanta ba ba zai gane abin da ƙwayar da yake sha take yi masa ba.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubutawa, ga ma'anarsa:

"Jikinka yana mayar da abinci irin su shinkafa, tuwo, burodi, doya da sukari zuwa gulukos, wanda shi ne sukarin jini. Gulukos yana ba jiki ƙarfi. Bayan ka ci abinci, fankiriyas yana sakin insulin. Insulin yana taimaka wa gulukos ya bar jini ya shiga tsoka da kitse, yana kuma hana hanta zuba ƙarin gulukos a jini. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki tana lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Cin zaƙi ba ya kawo wannan nau'i, kuma mai shi yana buƙatar allurar insulin kullum. A nau'i na biyu, jiki ba ya amsa wa insulin yadda ya kamata, kuma a hankali fankiriyas yana kasa yin wanda zai isa. Gado, shekaru, ƙiba da rashin motsa jiki suna ƙara yiwuwar kamuwa da shi. A duka biyun gulukos yana taruwa a jini. Idan ya yi yawa, ƙoda tana fitar da shi ta fitsari tare da ruwa mai yawa, shi ya sa kake yawan fitsari kana jin ƙishirwa."

Da na jera jimlolin a haka sai na ga misalin mabuɗin ba shi da wurin zama, don haka na bar shi.

Malamin Turanci:
Wannan ya tsaya da ƙafarsa, Maman Iman. Gyara biyu nake da su idan kin zo sa shi a Turanci. Na farko, wakilin sunan da Turanci yake amfani da shi ga abin da ba mutum ba guda ɗaya ne, kuma a cikin rubutun nan akwai gulukos da insulin da jini da fankiriyas, kowanne yana iya amsa shi. Duk inda biyu suka haɗu a jimla, ki maimaita sunan abin da kike nufi, ko da maimaicin ya yi kamar ya yi yawa. Na biyu, tunda kin gabatar da gulukos a jimlar farko, ki riƙe shi har ƙarshe, kada ki riƙa musanya shi da sukari don gudun maimaici kamar yadda aka koya mana a darasin insha'i, domin mai karatu zai zaci abubuwa biyu ne daban. Kin kuma kyauta da kika ce jiki ba ya amsawa, maimakon kalmar likitoci mai ma'anar turjiya, wadda take sa wasu su ɗauka cewa jiki yana yaƙar insulin ne.

Baban Sadik:
Ilimin ya yi daidai, amma ƙarshen yana da haɗari ɗaya. Kin rufe da alamomi, alhali mai nau'i na biyu yana iya shekaru ba ya jin komai, sukarin kuma yana ɓarna a jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafafu a duk tsawon wannan lokaci. Wanda ya karanta zai ce tunda ba ya yawan fitsari, ba shi da shi. Ki ƙara jimla biyu: cewa mutane da yawa ba sa ganin wata alama, kuma gwajin jini ne kaɗai yake tabbatarwa, sannan cewa gulukos mai yawa yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyi da zuciya idan aka daɗe ba a kula ba. Idan akwai wuri a ƙasan takardar, ana iya sa cewa gwajin safe kafin a ci komai, idan ya kai 7.0 a milimol ko 126 a miligiram, yana cikin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na ciwon sukari.

Hajiya Babba:
Likita, a gafarce ni, ni ina ganin kada a sa lambar. Mutum zai ari na'urar maƙwabcinsa ya auna sau ɗaya, ya yanke wa kansa hukunci, ya tafi kemis ya sayi magani. Gara a rubuta ranar da ake gwaji a asibitin da lokacinsa, a kuma ce ya zo bai karya ba.

Baban Sadik:
Hujjarki ta fi tawa, Hajiya, domin na'urar gida ba da ita ake tabbatar da cutar ba, kuma wanda ba shi da alamomi akan maimaita masa gwajin a wata rana kafin a ce yana da ita. A cire lambar.

Maman Iman:
Na ƙara jimlolin biyu, ban sa lambar ba, na kuma sa ranakun gwaji a ƙasa. Saura ciwon sukari na masu juna biyu, wanda sinadaran mabiyiya suke rage amsawar jiki ga insulin. Ina tunanin in ware masa tasa takardar da za a raba a ɗakin awo, domin idan na cusa shi a nan zai zama nau'i na uku a cikin bayanin da ya riga ya cika. Gobe in sha Allahu zan kai sabon rubutun wurin masu jiran likita, in roƙi kowanne ya karanta ya mayar mini da bayanin da bakinsa, kuma zan fi sa kunne a kan jimlar hanta da ta nau'i na biyu. Likita, idan ka samu sarari, ina so ka duba mini Turancin kafin ya tafi wurin bugawa.